Launin Man Dizal Ba Shi Ne Ingancinsa Ba

A Agege, inda wasu 'yan'uwanmu ke sayen tsofaffin taraktoci su aika gida Arewa, na sha jin ana cewa jan dizal na Turawa ya fi namu ƙarfi. Wannan kuskure ne. A Ingila da Amurka rini kawai ake zuba wa man, alamar an rage masa haraji saboda aikin gona. Wanda aka kama da shi a motar hanya, tara ce. A watan Afrilun 2022 Ingila ta hana masu gine-gine amfani da shi, ta bar wa manoma. A cikin inji kuwa, ja da fari duk ɗaya ne.

Abin tsoro a wurinmu shi ne man 'yan bumburutu, wanda akan gauraya da kananzir ko ruwa. Kananzir ba shi da santsin da famfon mai ke buƙata, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Idan tarakta ta tsaya a farkon damina, lokacin huɗa ya wuce. Don haka manomi ya sayi mai a gidan mai, ya bar shi ya kwanta a duro, ya riƙa sauya filta. Araha ba ta ado.