Abincin Jarirai: Tsakanin Gwangwani da Ƙoƙon Kunu

Akwai wata rana a rayuwar kowane yaro wadda ba a yanka mata rago, ba a tara mata jama'a, alhali kuwa ta fi ranar suna nauyi. Ita ce ranar da aka fara sa masa wani abu a baki bayan nonon uwarsa. Kafin wannan rana abincinsa tsabtatacce ne, da ɗuminsa, bai bi ta hannun kowa ba. Daga ranar kuwa lafiyarsa ta rataya ga ruwan randa, da tsabtar ƙoƙo, da hatsin rumbu, da gaskiyar ɗan kasuwa. Masana sun daɗe da lura cewa tsakanin wata 6 da shekara 2 ne yawancin yara suke tsumburewa, kuma abin da ya ɓaci a wannan tsakani da wuya ya gyaru daga baya. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa, adadin ya kai 57 cikin 100.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, sa'an nan a fara haɗa masa da abinci mai laushi, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Dalilin a fili yake. Kunun da aka ba ɗan wata 3 yana tare wurin da nono zai zauna a cikinsa, kana yana buɗe ƙofar gudawa. In kuma aka yi jinkiri ƙwarai bayan wata 6, sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi ya soma ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin, sai ƙarancin jini ya shigo. Yaron da ya isa ci yakan riƙe wuyansa, ya zauna in an tallafe shi, ya bi ludayi da ido, ya daina turo abinci waje da harshe.

To, amma faɗin wata 6 ya fi cika shi sauƙi, musamman ga mace ma'aikaciya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta tanada na hutun haihuwa, rabinsu kafin a sauka. Uwar da aka kira ofis ɗanta bai cika wata 3 ba, tilas ta bar wani abu a gida, kuma abin da takan bari shi ne kunu a filas ko garin gwangwani a hannun 'yar aiki. Jihar Kaduna ta mai da hutun ma'aikatanta mata wata 6 cikin 2019. Duk gwamnatin da ba ta bi sawu ba, tana koyar da abu ɗaya a asibitocinta, tana hana shi a ofisoshinta.

Babbar matsala a gidajen talakawa ita ce tsinkakken kunu. Ana jiƙa gero, a markaɗa, a tace sau biyu ko uku har dusa da rabin amfanin su tafi, a dama gasarar da ta rage ruwa-ruwa domin wai kada ta shaƙe yaro. Cikin ɗan wata 6 kuwa bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In aka cika shi da abin da yawancinsa ruwa ne, yaro zai ƙoshi, ya yi barci, uwa ta ɗauka ta ciyar da shi, ga shi kuwa yana kwana da yunwa ciki a cike. Wannan ciwo tsoho ne a Afirka ta Yamma. Likita Cicely Williams ta bayyana shi a Akara cikin 1933 a jikin yaran da aka yaye a kan kunun masara zalla, kuma sunan da ta ba shi daga baya, kwashiyoko, daga harshen mutanen Ga ta aro shi, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Kumburin ƙafa da jan gashi da ta gani shekaru 90 da suka wuce, su ne dai ake gani a ɗakunan masu tamowa.

Gwajin kunun yaro mai sauƙi ne: in aka karkata cokali, kada ya zube kamar ruwa. Kauri kaɗai kuma bai isa ba, sai an ƙarfafa shi. Garin soyayyen waken suya ko na gyaɗa, da ɗan man gyaɗa ko manja, da dakakken busasshen kifi wanda aka tankaɗe ƙayarsa, suna mai da kunun gero abinci sosai. Dafaffen ƙwai da aka murje ma yana ƙarfafa shi, hanta da aka dafa aka markaɗa kuwa ta fi kome maganin ƙarancin jini a kasuwar ƙauye, kuma camfin da ake yi a wasu wurare cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ya hana yara da yawa abincin da kajin gidansu suke zubarwa a banza. Kabewa, da dankali mai jan ciki, da gwanda, da ayaba, da ganyen zogale, duk suna murjuwa da bayan cokali. Inda kunu ya yi kaurin da yaro ba zai iya haɗiya ba, ɗan garin tsiron gero ko dawa yana sassauta shi ba tare da an ƙara ruwa ba, dabarar da masu kunun zaƙi suka sani tun kaka da kakanni, sai dai a sake tafasa shi kafin a bayar. Ana farawa da cokali 2 ko 3, sau 2 zuwa 3 a yini, daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4, ana rage laushin a hankali domin yaro ya koyi tauna.

Tilas a ambaci ɗura. Kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara kunu ta tafin hannu, al'ada ce da ta samo asali daga ƙauna da ƙarancin lokaci, amma kunun da ya kauce ya shiga huhu yana jawo ciwon da ke kisa cikin 'yan kwanaki. Zuba kunu a bulumboti ma ba shi da kyau, domin sai an tsinka shi kafin ya bi ta hujin, ga shi kuma da wuyar wankewa. Ƙoƙo mai tsabta, da cokali, da haƙuri, su ne kayan aikin.

A gidajen masu albashi kuskuren wani iri ne. Can gwangwani ya zama alamar wayewa, har wani yakan ji kunya a ga ɗansa da kunun gero. Gaskiya ne garin gwangwani na ƙwarai yana da amfaninsa, tun da akan ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin, ga sauƙin haɗawa. Amma tsada da kyan hoto ba shaidar lafiya ba ne. Cikin Fabrairu 2021 wani ƙaramin kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka ya ba da rahoton samun dalma da zaiba da arsenik a abincin jarirai na manyan kamfanonin ƙasar. Cikin 2023 aka janye wasu fakitocin markaɗaɗɗen tuffa mai haɗe da kirfa daga kantunan Amurka, bayan da aka sami gubar dalma a jinin yara, kuma waɗanda abin ya shafa sun kai ɗaruruwa. Cikin Afrilu 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta wallafa cewa garin Cerelac na kamfanin Nestlé da ake sayarwa a ƙasashe matalauta yana ɗauke da ƙarin sukari, a Nijeriya fiye da giram 6 a ci ɗaya, alhali irinsa na Jamus da Ingila babu. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'idojin kowace ƙasa. In haka ne, ashe ƙa'idojin ne suke bukatar a sake duba su, domin harshen da aka saba wa zaƙi tun yana wata 6 da wuya ya karɓi kabewa.

Wanda zai sayi gwangwani, ya duba lambar rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da watannin da aka rubuta. Ya karanta jerin kayan haɗi, in sukari ko zuma na cikin na farko-farko ya ajiye. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko aka taɓa murfinsa, ba na saye ba ne ko da an karya kuɗinsa, haka kuma garin da ake aunawa daga buɗaɗɗen buhu a ƙulla a leda. Kwalbar markaɗaɗɗen abinci in an buɗe ta tana bukatar firiji, kuma kowa ya san halin wutar lantarki. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa in wata ya yi nisa: ana rage awon gari ana ƙara ruwa domin gwangwani ya kai ranar albashi. Nan mai albashi ya koma ga tsinkakken kunun da ya raina, ya kuma biya kuɗi mai yawa a kansa.

Abincin gida ma yana da nasa haɗarin. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashewa, tana lalata hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Saboda haka gyaɗar jariri sai an tsince ta ɗaya-ɗaya, a zubar da duk mai ɗaci, ko motsattsiya, ko mai sauyin launi. Inda ake niƙa ma abin lura ne. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, domin ana daka duwatsun zinariya a cikin gidajen da ake girki. Kunun da ya wuce sa'a 2 a ajiye ya huce, a zubar ko babba ya sha. Zuma kuwa, duk da darajarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda ke shanye jikin jariri. Gishiri da sukari da dunƙulen miya ba su da wuri a ƙoƙonsa, gyaɗa guda-guda kuma tana maƙalewa a maƙogwaro.

Dokoki dai akwai su. Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar tallan abincin da ke maye gurbin nono cikin 1981, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar mai lamba 41 cikin 1990. Abin da ya rage shi ne aiki. Ya kamata jami'an NAFDAC da duba-gari su riƙa shiga kasuwannin ƙauye da kantunan unguwa, inda kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa suke ƙarasawa. Ya kamata a tabbatar kowane gwangwani yana ɗauke da bayanin awo da yawan sukari cikin Hausa, da rubutun da ido zai iya gani. Asibitocin sha-ka-tafi kuma su mai da ranar awon yara ranar koyon girki, a hura wuta, a dama kunu mai kauri a gaban iyaye da kayan da ake samu a kasuwar garin. A gayyaci kakanni da mazaje, domin kaka ce take yanke hukunci a kan ɗura, maigida kuma shi ke ba da kuɗin cefane. Ɗaliban makarantun koyon aikin jinya da na tsabta, waɗanda ake turawa ƙauyuka aikin gwaji kowace shekara, sun isa su ɗauki wannan aiki in an ba su tukunya, da gero, da izini.