Ɗari Ya Kawo Kai: Da Me Za Mu Ɗumama Tsofaffinmu?

Duk wanda ke zaune a Ngaundere ko Banyo ko Tibati ko Maiganga ba sai an gaya masa ba, da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta taso, to dare ya zama abin yi wa shiri. Garin Ngaundere yana bisa tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,100 daga teku, saboda haka tsakanin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauko kusa da digiri 10 da asuba. 'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa su ma suna ɗanɗana nasu, na Abakwa a Bamenda kuwa ko da damina ba su huta ba. Yaro da saurayi sukan ja bargo su yi barcinsu. Waɗanda abin ya fi damu su ne tsoho da tsohuwa, kuma a kansu maganarmu ta wannan wata za ta tsaya.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani kaya da ya shigo kasuwanninmu a 'yan shekarun nan, wato robar ruwan zafi mai aiki da lantarki, wadda masu Faransanci ke kira buyot. Ana jona ta a soket na ɗan lokaci, a cire, sai ta riƙe ɗumi na sa'o'i. Jama'a na saye suna kai wa iyaye tsaraba, wasu kuma 'ya'yansu da ke ƙasashen waje ke aiko musu. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya saka da alheri. Sai dai kafin mutum ya miƙa wa Inna ko Baba wannan abu, ya kamata ya san halin jikin da za a ɗora wa zafin.

Idan shekaru suka ja, fata takan yi siriri, kitsen da ke ƙarƙashinta ya ragu, jini kuma ba ya gudu zuwa hannu da ƙafa kamar da. Shi ya sa sanyi ke saurin kama tsoho. Likitoci na cewa idan zafin jikin mutum ya sauko ƙasa da digiri 35 ya shiga haɗari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018 game da gidajen zama, ta ce bai kamata sanyin ɗaki ya yi ƙasa da digiri 18 ba, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya. To amma wannan fatar da ke saurin jin sanyi ita ce kuma ke saurin ƙuna, ga shi ba ta saurin sanar da mai ita. Mai ciwon suga da ya daɗe da shi, jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, har ya taka garwashi bai sani ba. Haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda gigin tsufa ya kama, da wanda ya sha maganin barci.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ba sai abu ya yi zafin da hannu zai gudu ba kafin ya ƙona mutum. A shekarar 1947 waɗansu masana biyu a Amurka, Moritz da Henriques, sun auna wannan al'amari. Sun gano cewa zafin digiri 60 yana lalata fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi kuwa zafin digiri 44, wanda hannu zai ji kamar ɗumi mai daɗi, idan ya zauna a wuri guda na kimanin sa'a shida sai ya yi irin wannan ɓarna. Sa'a shida kuwa ai barcin dare ɗaya ne. Saurayi yana juyi cikin barci, ya ture abin da ya dame shi. Tsohuwa takan kwana a gefe ɗaya, roba na manne da ƙwaurinta, da safe a ga bororo. Idan akwai ciwon suga, wannan bororo na iya zama gyambon da za a yi watanni ana jinya, wani lokaci har ya kai ga yanke ƙafa. Saboda haka ga dokar da nake roƙon mai karatu ya riƙe, ko da ya manta da sauran: a ɗumama shimfiɗa, a cire abin ɗumin, sannan tsoho ya kwanta.

Kafin mu shiga kasuwa, bari mu fara da abin da muka gada, wato kaskon wuta. Babu gidan da bai san shi ba, kuma jin ɗumi a tsakar gida da hantsi ko bayan magariba ba laifi. Matsalar ita ce shigar da kasko ko kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma. Gawayi idan yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko hawaye. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Waɗansu na cewa ai idan an bari hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, shi ke nan. Wannan kuskure ne babba, domin garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da yawancinmu za mu ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa sai ya zarce. Ga kuma gidan sauro da katifar soso, waɗanda tartsatsi ɗaya ya ishe su. Idan aka dubi wannan, robar lantarki ta fi kasko a ɗakin barci nesa ba kusa ba, muddin an zaɓi ta ƙwarai.

To yaya ake gane ta ƙwarai? Irin waɗannan robobi iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Iri na farko yana da ƙarafa biyu a ciki, wutar lantarki na bi ta cikin ruwan kansa daga wannan ƙarfe zuwa wancan don ya yi zafi. Da tafiya ta yi nisa ƙarafan kan yi tsatsa, iska ta taru a ciki, roba ta kumbura, idan abin da ke yanke wuta ya gaza sai ta fashe ta watsa ruwa mai zafi. Idan kuma ta huje tana jone, ruwan da ya zubo yana ɗauke da wuta. Ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawansu, ta haramta wannan iri a ƙa'idar da ta fitar a 2009, amma da yake yana da araha bai daina yawo a kasuwannin duniya ba. Iri na biyu yana da waya mai zafi wadda aka lulluɓe, ita ke ɗumama ruwan ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Wannan shi ne abin saye.

Ba sai an farka roba ba kafin a bambance su. Ka ɗauke ta tana sanye, ba a jone ba, ka matsa ta da yatsu daga ƙarƙashin inda ake jona waya. Idan ka ji guntayen ƙarfe biyu masu tauri kamar babban yatsa, ajiye wa mai kanti abarsa. Idan ka ji wani faffaɗan abu kamar raga ko zobe na roba, to mai waya ce. Bayan haka sai a duba waɗannan abubuwa. Na farko, a karanta abin da aka rubuta a jiki: wutarmu a Kamaru bolt 220 ce, kayan da aka aiko daga Amurka kuwa na bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙonewa ne. Na biyu, a dubi filogi. Soket ɗinmu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, kayan da suka biyo ta Najeriya sau da yawa masu ƙafa uku ne irin na Ingila. A nemi mahaɗi mai kyau, kada a yanke filogi a cusa tsirarar waya. Na uku, a sa mai kanti ya jona ta a gabanka, a ga fitilarta ta mutu da kanta bayan minti goma zuwa sha biyar. Wadda ba ta yanke wuta da kanta ba abin kai wa gida ba ce. Na huɗu, ta kasance da sunan kamfani da takardar bayani da rigar yadi mai kauri. Tambarin CE shi kaɗai bai isa shaida ba, domin masu jabu ma suna buga shi. Araha dai ba ta ado.

Idan an saya, aikin jonawa na yaro mai hankali ne ko babba a gida, kada a bar wa Kaka. A shimfiɗa ta a ƙasa ko kan tebur, nesa da gado da ruwa, kada a rungume ta tana jone, kada kuma a yi amfani da wayar da ba tata ba. Ga wani haɗari da ya shafe mu musamman: an jona, sai aka ɗauke wuta, aka manta, wuta ta dawo da tsakar dare kowa na barci. Da zarar an ɗauke wuta a zare filogi. Idan aka ga ta kumbura, ko tana ɗiga, ko wayar ta yi zafi ko tana wari, a jefar, kada a kai wa mai gyaran rediyo. Bargon lantarki ma dokarsa ke nan, a kunna kafin kwanciya, a kashe idan za a kwanta, kuma kada a shimfiɗa wa mai yoyon fitsari.

Ga waɗanda wuta ba ta kai unguwarsu ba, ko ba ta zama, tsohuwar robar da ake zuba wa ruwa da hannu tana nan a kantunan magani, kuma tana aiki. Amma ba a zuba mata tafasasshen ruwa. A tudun Ngaundere ruwa na tafasa ne a wajen digiri 96. Idan aka haɗa kofi ɗaya na tafasasshe da kofi ɗaya na ruwan randa mai digiri 20, lissafin 'yan firamare ne, za a sami digiri 58, wanda ya isa ɗumama gado. A cika kashi biyu cikin uku kawai, a matse iskar da ta rage, a ɗaure murfi, a kifa ta a ga ko tana yoyo, sannan a naɗe da tawul. Roba na tsufa, a sauya ta bayan kamar shekara biyu, ko da zarar an ga tsaga. Gorar ruwan sha ta roba da kwalbar gilashi ba su dace da wannan aiki ba, ɗaya na narkewa, ɗaya na fashewa.

Kowace iri ce, a sa ta cikin shimfiɗa minti ashirin zuwa talatin kafin lokacin barci, a rufe da bargo, idan Baba zai kwanta a cire. In da rana ne yana zaune, idonsa biyu, yana son ɗumi a baya ko gwiwa, a naɗe da tawul, kada a wuce minti ashirin, a ɗaga a dubi fatar. Mai ciwon suga, da mai shanyewar jiki, da wanda ba ya iya faɗin abin da yake ji, kada a ɗora musu a jiki ko kaɗan. Har ila yau, tsofaffinmu na son man zafi don ciwon gaɓoɓi. Kada a shafa man zafi sannan a ɗora roba a wurin, domin haɗuwarsu na ƙona fata. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a 2012.

Mu kuma tuna cewa ɗumin da ya fi aminci shi ne wanda jiki ke samarwa da kansa, tufa ta riƙe. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu. Hular sanyi, safa mai sakwa-sakwa da ba ta matse ƙafa, bargo a ƙasa da bargo a sama, a raba katifa da siminti ko da da tabarma biyu ne. A ba su kunu ko shayi mai ɗumi kafin barci, kada su kwana da yunwa. A ajiye ruwan ɗumi a fulas saboda alwalar asuba, wani ya sirka ya gwada da gwiwar hannunsa kafin ya miƙa.

Idan tsautsayi ya auku aka ƙone, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a kan wurin har minti ashirin, ana rufe sauran jiki kada sanyi ya kama shi. Kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko manja ko toka, kada a fasa bororo. A rufe da tsaftataccen ƙyalle a nufi asibiti, ko da ƙunar ƙarama ce a ido, domin irin wannan ƙuna takan yi zurfi. Idan kuma aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai, ko wani ya ƙi farkawa ga kasko a gefe, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su waje, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita cewa da gawayi suka kwana.

A ƙarshe ina kira ga ɗalibaina da sauran matasa masu iya karatu. Yawancin iyayenmu ba za su ga wannan shafi ba, ku ne idonsu. Ku karanta musu, ku dubi abin da ke ɗakinsu yau da dare, ku raba aiki a tsakaninku: wane ne zai jona, wane ne zai cire, wane ne zai leƙa kafin a kashe fitila. Waɗanda suka kwana suna lulluɓe mu muna jarirai sun cancanci minti biyar ɗin nan daga gare mu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya fitar da mu wannan ɗari lami lafiya.