An gano babur ɗin da aka sace: wa zai biya kuɗin janwe da na ajiya?

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya ka sami unguwar da ba a taɓa wayar gari an tarar da zaure a ɓalle, an fita da babur ba. Mai shi ya je komisariya ya shigar da ƙara, ya dawo gida ya dangana. Idan yana da rabo, bayan ƴan makonni ko watanni sai a kira shi a ce an kama ɓarayi, kuma babur ɗinsa na cikin kayan da aka samu. Sau da yawa murnar ba ta wuce bakin ƙofar hukuma, domin a nan ne zai fara jin maganar kuɗin ɗauko abin hawan, da kuɗin kwanakin da ya yi a ajiye, da takardun da zai kawo. Tambayar da jama'a ke yi tana da sauƙi: mutumin da bai aikata laifin komai ba, don me zai biya kafin a ba shi kayansa?

Kamu iri uku

Tushen ruɗanin shi ne, abubuwa uku daban-daban ne jama'a ke haɗawa su kira su da suna ɗaya, wato furiyar.

Na farko shi ne kamun laifin hanya. Mota ta tsaya inda aka hana, ko an tare ɗan kabu-kabu ba shi da kart giriz ko asirans. A nan mai abin hawa shi ya jawo wa kansa, shi zai biya tara da kuɗin ajiya. Furiyar irin wannan aiki ne na ƙananan hukumomi, kuma kuɗin da ake karɓa na cikin kuɗaɗen shigar ma'aikatar magajin gari. Manoma da makiyaya sun fi kowa sanin tsarin, tun da da shi ake tsare dabbobin da suka ɓace ko suka yi ɓarna a gona, har ma dokar makiyaya ta 2010 ta yi magana a kansa.

Na biyu shi ne kayan shaida. Idan ƴan sanda ko jandarma suka kama babur a hannun wanda ake zargi, babur ɗin ya shiga hannun shari'a. Ana rubuta shi cikin takardar bincike, a miƙa batun ga alƙali mai shigar da ƙara. Daga wannan lokaci, jami'in da ya yi kamun ba shi ne ke da ta cewa shi kaɗai ba.

Na uku shi ne tsintuwa. Ɓarawo ya ji tsoro ko mai ya ƙare masa, ya yar da mota a bayan gari, hukuma ta sa aka jawo ta. Ba a kama kowa ba, amma mai janwe ya ƙona mansa yana jiran haƙƙinsa. A wannan rukuni ne rigimar kuɗi ta fi zafi, domin babu wanda ake tuhuma balle a ce shi zai biya.

Abin da doka ta tanada

Kundin da ke tsara shari'ar laifuka a Nijar, wanda aka kafa a 1961 bisa tsarin Faransa, ya bai wa mai kaya damar neman a mayar masa da abin da ke hannun shari'a. Yana iya gabatar da buƙatarsa ga alƙali mai shigar da ƙara, ko alƙali mai bincike idan an ba shi shari'ar, ko kotun da za ta yanke hukunci. Alƙali na iya jinkirta mayarwar idan har ana bukatar kayan don gano gaskiya, ko kuma idan mutum biyu na jayayya a kansu.

A irin wannan tsari, abin da aka kashe don gudanar da bincike ana lissafa shi cikin kuɗaɗen shari'a, baitulmali ya fara biya, daga baya a ɗora wa wanda aka samu da laifi. Shi kuwa wanda aka yi wa sata yana da ikon shiga shari'ar a matsayin mai neman diyya, ya lissafa asararsa har da abin da ya kashe wajen karɓo kayansa. A takarda ke nan. A zahiri, ɓarawon babur da aka ɗaure a gidan kaso ba shi da abin da za a sayar a biya kowa, saboda haka hukuncin diyya kan tsaya a rubuce.

Akwai kuma wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba sai ta faɗo kansu. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 2279, ta bai wa wanda aka yi wa sata shekara 3 ya nemi kayansa a hannun duk wanda ya same su. Sai dai aya ta 2280 ta ƙara da cewa idan mutumin a kasuwa ya saya, ko a gwanjo, ko wajen ɗan kasuwar da aka sani da sayar da irin kayan, to mai kaya na asali sai ya mayar masa da kuɗin da ya biya. Wanda ya saya yana sane da cewa kayan sata ne, wannan kariya ba ta shafe shi ba, shi ma mai laifi ne a idon doka.

Me ya sa nauyin ke faɗa wa mai kaya?

Dalili na farko asirans ne. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Asirans ɗin da wannan doka ta wajabta, na ɓarnar da abin hawanka zai yi wa wani ne kawai. Kariyar sata daban ake sayenta, kuma yawancin masu babur da adaidaita ba sa kai wa gare ta. A Faransa ma mai motar da aka sace kan biya kuɗin furiyar, amma idan yana da kariyar sata kamfani kan mayar masa. Mu mun ɗauko tsarin biya, ba mu da mai mayarwa.

Dalili na biyu shi ne lissafin kwana. A ɗauka, don misali kawai, ana karɓar jika ɗaya a kowace rana. Babur ɗin da ya yi wata biyu kafin a gano mai shi ya tara jika 60, alhali mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Mai babur ɗin bai ma san an same shi ba, amma bashi na hauhawa a kansa. Ga rana da ruwan sama suna cin taya da batir. Ɗan kabu-kabun da ya karɓi babur a hannun maigida bisa sharaɗin kawo kuɗi kullum, asara biyu ke kansa.

Dalili na uku takardu ne, kuma a nan masu kaya ma suna da nasu laifin. Babura da yawa ana sayensu hannu da hannu, babu takardar ciniki, babu ta dwan, ba a canza suna a kart giriz ba. Ranar da aka ce mutum ya tabbatar da mallaka, sai ya koma neman shaidu. Wanda ya san takardunsa ba su cika ba shi ne ya fi saurin yarda da “a sasanta”, ya ba da abin da aka ce ba tare da rasit ba.

Garuruwan iyaka na da ƙarin matsala. Babur ɗin da aka ɗauke a Maraɗi da dare na iya wayar gari a Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, na Ƙonni ya tsallaka Illela, na Magarya ya nufi Ɓaɓura. Idan a can aka kama shi, dokar wata ƙasa ce da kuɗin mota da na masauki, duk a aljihun mai kaya. Nijar na cikin ƙasashe 4 da aka fara gwada shirin SIPAO na musayar bayanan ƴan sanda a yammacin Afirka, tare da Benin, Ghana da Mali. Amma irin wannan rumbu ba ya amfanar wanda bai san lambar shasin babur ɗinsa ba.

Hujjar hukuma da inda ta tsaya

Ƙananan hukumomi ma suna da abin faɗa. Filin ajiya na bukatar mai gadi, motar janwe sau da yawa ta ɗan kasuwa ce, kuma idan aka ce duk kayan sata kyauta za a karɓa, wasu masu laifin hanya za su fara da'awar sace musu aka yi. Damuwar gaskiya ce, amma maganinta na nan: takardar ƙarar da aka shigar tun kafin a gano abin hawan. Kwanan watan da ke kanta ya isa ya raba mai gaskiya da mai dabara.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa shugabannin riƙo, babu kansilan unguwa da talaka zai kai wa irin wannan kuka. Wannan ya ƙara wa shugabannin riƙon nauyin su gyara da kansu. Abu uku za su rage rigimar: a liƙa farashin furiyar a bakin ƙofa da Faransanci da Hausa, a yafe kuɗin ajiya ga wanda ya nuna takardar ƙarar sata, ko a fara lissafi daga ranar da aka sanar da shi, sannan a riƙa karanta jerin abubuwan hawan da aka gano a gidajen rediyo, kafin wa'adi ya cika a yi gwanjonsu.

Kafin nan, mai kaya ya taimaki kansa. Ya rubuta lambar shasi da ta inji tun yau, ya ajiye kwafin takardu a gida. Idan an yi masa sata, ya shigar da ƙara a ranar, ya karɓi shaida a rubuce. Idan an kira shi, ya fara tambaya: babur ɗin a furiyar yake ko a hannun shari'a? Idan a hannun shari'a yake, ya rubuta buƙatar mayarwa zuwa ga alƙali mai shigar da ƙara, kuma marar hali na iya neman shawara kyauta a ofishin hukumar ANAJJ da ke manyan kotuna. Duk dalar da zai biya kuma ya nemi rasit mai hatimi, domin da shi ne zai nemi diyya ranar da aka gurfanar da ɓarawon.