Addu'a Ba Laya Ba Ce

 Muna rubuta wannan da nauyin zuciya, gama maganar da za mu yi ta cikin gida ce.

Ba mai musu cewa akwai abin tsoro a ƙasar nan tamu. Dattawan Birnin Tudu ba su manta da watan Afrilu na 1980 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwan Bakolori ya ci. Mu na baya ma mun ga namu. A watan Agusta na 2016 mutum takwas suka rasa rayukansu a Talata Mafara bayan an zargi wani ɗalibi da yin saɓo. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta na shekarar suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. Kafin shekarar ta ƙare, 'yan sanda suka tabbatar da wata wasiƙa mai barazanar cewa a rufe majami'u a Zamfara. Wutar nan ba ta tambayar addini, maƙwabtanmu Musulmi sun fi kowa binne 'yan'uwa. Amma mu da ba mu cika benci goma ba ran Lahadi, mun san yadda zuciya ke faɗuwa in an ji ƙarar babura da tsakar dare.

Saboda haka ba mu zargin kowa don ya ji tsoro. Ubangijinmu kansa ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani. Abin tambaya shi ne, in tsoro ya kama mu, ina muke dosa?

Kwanakin baya mun je gaida wani ɗan'uwa a asibiti. Da aka ɗaga rigarsa za a duba shi, sai ga guru a ƙugu, ga laya a damtse. Mutumin nan yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin sujada. Da muka tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai, ya ce addu'a tana da kyau, amma hanyar Gusau sai an haɗa da 'yan dabaru. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu layar zana a cikin hula, akwai masu maganin bindiga, akwai uwayen da ke ɗinke wani abu a jakar makarantar yaransu. Ran Lahadi a raira waƙa ga Mai Ceto, ran Talata a ci kasuwar Mafara, a ratse wurin boka kafin a shiga mota.

'Yan'uwa, wannan ba dabara ba ce, zina ce ta ruhaniya. Ku karanta 1 Sama'ila sura 28. Tsoron rundunar Filistiyawa ne ya kai Sarki Saul wurin mai duba a Endor, shi da ya kori irinsu daga ƙasar da kansa. Bai samu tsira ba, labarin mutuwarsa ya samo. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Gaskiya ne, amma takobin zai yanke masa hannu, ruwan kuma ya tafi da shi.

Akwai kuma wata laya da ta fi wannan haɗari, domin ta sa rigar ikkilisiya. Muna nufin annabawan zamani da suka cika Facebook da WhatsApp, masu sayar da kwalbar man zaitun, da hankici, da ruwan da suka ce harsashi ba ya ratsawa. Su ce wa gwauruwa ta shuka iri a asusunsu na banki kafin a sako ɗanta daga daji. 'Yan bindiga su karɓi kuɗin fansa, annabi ya karɓi kuɗin addu'a, duk a jikin mace ɗaya. Me ya raba wannan da boka? Sunan Yesu da aka liƙa a kwalba ba ya tsarkake ciniki. Siman mai sihiri ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi, ku duba Ayyukan Manzanni sura 8 ku ga amsar da Bitrus ya ba shi.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce, Fasto, ai mun yi addu'a, mun yi azumi, duk da haka an kama namu, wasu ba su dawo ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu kauce mata ba. Har ma mu fastoci muna da laifi a ciki. Mun koya wa jama'a addu'a kamar injin niƙa: ka zuba hatsi, gari ya fito. A lokacin shaida, wanda ya kuɓuta kaɗai muke ba dama ya tsaya, wadda aka kashe mijinta kuwa tana zaune a bencin baya tana tambayar kanta ko bangaskiyarta ce ta gaza. Ba ta gaza ba. A sura 12 ta Ayyukan Manzanni, Hirudus ya sa aka kashe Yakubu da takobi, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Sura ɗaya, ikkilisiya ɗaya, Allah ɗaya. Ubangiji Yesu ya roƙi Uba sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, amma ya tashi daga wurin da ƙarfin fuskantar gicciye.

Ga bambancin ke nan. Mai laya yana so ya riƙe iko a hannunsa. Mai addu'a yana miƙa kansa a hannun Uba. Laya tana alkawarin harsashi ba zai shiga ba, ƙarya take yi, mun binne masu ita. Addu'a tana kai mu gaban Allah mai ikon ceto, wanda ya cece mu sau da yawa, wanda kuma ko mutuwa ba ta iya raba mu da ƙaunarsa. Shi ya sa Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa su juya damuwarsu ta zama roƙo da godiya.

Kada kuma wani ya ɗauka addu'a naɗe hannu ce. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Mu daina tafiyar dare. Mu kai rahoto ga hukuma. Shugabannin Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar gwamnati a Gusau, gama tsaron rai hakkin kowane ɗan ƙasa ne.

Don haka muna roƙon kowace ikkilisiya, daga Mafara zuwa Bakura da Maradun. Wanda ke da laya ya kawo wa fastonsa a asirce, ba za a tona shi ba, za a yi addu'a tare da shi. Kowane maigida ya tara iyalinsa bayan tuwon dare, a faɗa wa Allah abin da ake tsoro, da sunansa. Zumuntar Mata da matasa su ɗauki sunayen waɗanda ke hannun 'yan bindiga, Kirista da Musulmi, su riƙe su cikin addu'a har su dawo. Kuɗin da za a kai wa boka ko annabi a sa a baikon gwauraye da masu gudun hijira. A yi wa shugabanni da sojoji addu'a. Abu mafi wuya kuma, a roƙa wa 'yan bindigar nan tuba, gama haka Ubangijinmu ya umarta game da maƙiya.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya ba ƙasarmu salama. Amin.