Ra'ayinmu: Me matashin fasto zai gada daga na gaba?

A watan Yunin 2006, wakilai sama da 11,000 na Southern Baptist Convention, ƙungiyar Baftis mafi girma a Amurka, sun hallara a zauren Greensboro Coliseum da ke jihar Karolina ta Arewa. A wajen taron aka yaye ƙyallen mutum-mutumin Billy Graham, hannuwansa a buɗe, Littafi Mai Tsarki a hannu guda, gicciye a bayansa. Graham ɗan jihar ne, ya kuma yi makonni yana wa'azi a Greensboro a 1951. Dubban fastoci suna ɗaukarsa uba a aikin bishara, har da na ƙasarmu, inda ya yi wa'azi a Kaduna da Jos a 1960. Tambayar da ta dame mu ita ce, cikin duk abin da irin waɗannan dattawa suka bari, wanne ne ya cancanci gado?

Masu cewa aikin ikkilisiya ba a koyonsa a aji kaɗai suna da gaskiya. Makarantar Littafi Mai Tsarki za ta koya wa ɗalibi tauhidi da tsara wa'azi, amma ba za ta nuna masa yadda ake shiga gidan makoki ba, ko lokacin da ya kamata fasto ya yi shiru a taron dattawa, ko yadda ake sasanta miji da mata ba tare da asirinsu ya fita ba. Wannan sai an bi wani an gani, domin da na gaba ake gane zurfin ruwa. Haka Timoti ya bi Bulus, haka Joshuwa ya bi Musa.

Graham kansa ya amfana da irin wannan. A ƙarshen 1950, bayan taronsa na Atlanta, wata jaridar birnin ta buga hotuna biyu gefe da gefe: a ɗaya masu karɓar baiko ne ɗauke da jakunkunan kuɗi, a ɗayan Graham ne yana murmushi yana ɗaga hannu zai bar gari. Abin ya ƙona masa rai. Ya nemi shawarar Jesse Bader, dattijon da ya daɗe yana kula da sashen bishara a majalisar ikkilisiyoyin Amurka. Bader ya ce masa ya daina karɓar baikon da ake tara wa mai wa'azi, ya koma kan albashi tsayayye kamar faston babbar ikkilisiya. Graham ya yarda, aka yanka masa dala 15,000 a shekara. Tun kafin nan, a 1948 a garin Modesto, shi da abokan aikinsa Cliff Barrows da George Beverly Shea da Grady Wilson sun ɗaure kansu da alkawura huɗu: gaskiya a kan kuɗi, kame kai a hulɗa da mata, daina sukar fastocin garin da suka sauka, da daina ƙara gishiri a yawan mahalarta taro. Duk wanda ya san yadda ake ba da rahoton taron farkawa a wurarenmu ya san na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu ma muna da namu misalin. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, yana yaro ya ji bishara daga bakin Mary Haas ta mishan ɗin SIM. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan na ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska a 1973. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Bai tara yara masu kwaikwayonsa ba. Ya matsa ne a kafa manyan makarantun tauhidi a Afirka, aka kuwa kafa su a Bangi da Nairobi bayan rasuwarsa.

To amma masu ɗari-ɗari da al'adar bin na gaba su ma ba su yi ƙarya ba. Kowa ya taɓa ganin matashin faston da ke riƙe wa Baba jaka, yana buɗe masa ƙofar mota, har muryarsa da yadda yake goge gumi da hankici a kan mumbari ya kwafa. Ladabi abu ne mai kyau, ba mu raina shi ba. Matsalar tana farawa ne ranar da yaron ya ga an taɓa kuɗin ginin majami'a, ko wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa ta kawo kuka, ya kuma san canjin wurin aikinsa da naɗinsa duk suna hannun wanda ake ƙara. A nan "uba cikin Ubangiji" yakan zama ubangida, biyayya ta zama rufa-rufa.

Ƙungiyar da ta yaye wancan ƙyalle a Greensboro ta ɗanɗana wannan. A 2019 jaridar Houston Chronicle ta bankaɗo cewa cikin shekara 20, shugabanni da masu aikin sa kai kusan 380 na ikkilisiyoyinta sun fuskanci zargin lalata, waɗanda abin ya shafa sun haura 700. A 2022 binciken kamfanin Guidepost, wanda wakilan ƙungiyar da kansu suka nema, ya nuna yadda wasu manya suka yi shekaru suna toshe kunne ga masu kuka domin kare sunan ƙungiya. Ba rashin manyan malamai ne ya jawo haka ba. Suna da su birjik. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai iya duban babba ya ce masa bai kyauta ba.

Akwai kuma ƙorafin mata, kuma yana da tushe. Dokar Graham ta ƙin keɓewa da macen da ba matarsa ba ta kare shi daga zargi, amma inda aka ɗauke ta da tsauri, sai ta rufe wa mata ƙofar koyo daga shugabanni. Alhali Henrietta Mears, malamar makarantar Lahadi a Kalifoniya, tana cikin waɗanda suka ƙarfafa Graham a 1949 lokacin da shakka ta kama shi, kuma Bilkisu da mijinta Akila ne suka gyara wa Afolos fahimtarsa. A wurarenmu zumuntar mata ce ƙashin bayan ikkilisiya, amma da wuya ka ji an tura sabon fasto ya zauna gaban uwar zumunta ya koyi yadda ake riƙe jama'a.

Ra'ayinmu shi ne a riƙe al'adar bin na gaba, amma a sauya abin da ake gada. Murya da salon wa'azi da suna na mai su ne. Abin da ya kamata ya wuce daga hannu zuwa hannu shi ne takunkumin da dattijo ya sa wa kansa. Sabon fasto ya ga da idonsa cewa bayan sujada dattawa biyu da ma'aji ne ke ƙirga baiko a tebur, su rubuta a littafi, su sa hannu, Baba kuwa bai ko leƙa kwandon ba. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi masu raka shi.

Muna kira ga ECWA da COCIN da HEKAN da Baftis da Anglikan a Arewa, da EERN a Nijar, su mai da wannan tsari a rubuce. Kowane sabon fasto a haɗa shi da masu horarwa fiye da ɗaya, cikinsu har da mace dattijuwa. Wanda ke horar da shi kada ya zama shi kaɗai ke yanke hukuncin naɗinsa ko canjin wurin aikinsa. A kuma buɗe hanyar kai ƙara zuwa majalisar gunduma wadda ba ta bi ta ofishin wanda ake ƙara ba, a sanar da ita a gaban jama'a ranar Lahadi, domin matasa da mata su san inda za su nufa.