Ba Hannun Gwamnati Ne Ya Ƙone Bahri Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce maganin talaucin Sudan shi ne gwamnati ta janye hannunta daga tattalin arziki, kowa ya ci gumin kansa. Ban yarda ba.

An gwada wannan magani a 1992, lokacin da Abdurrahim Hamdi yake ministan kuɗi a gwamnatin shugaba Albashir. Aka saki farashi, aka sayar da kamfanonin gwamnati. Wa ya saye su? 'Yan gaban goshin masu mulki, yayin da kamfanonin soja suka ci gaba da bunƙasa ba mai duba littafinsu. Wannan kake kira 'yancin kasuwa?

Kuma haƙƙin mutum da kake ta nanatawa, na mai jari ne kaɗai? Ranar 3 ga Disamba 2019 tankar gas ta fashe a wata masana'antar tangaran da ke unguwar masana'antu ta birnin Bahri, mutum sama da 20 suka mutu, cikinsu har da leburori baƙi daga Indiya. Su ma suna da haƙƙin komawa gida da ransu. Mai duba lafiyar masana'anta ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi kake so a sallama.

Bahri na bukatar hukuma mai ƙarfin hukunta attajiri da janar. Ka sake nazari, Malam.