Kada A Ba 'Yan Bindiga Kyautar Ƙuri'armu

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata magana da wasu manya su ke raɗawa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, wai ƙasar da ta ke cikin yaƙi ba ta da halin yin zaɓe, sai a jira ƙura ta lafa. Mu 'yan Tambuwal da Kebbe ba mu buƙatar a karanta mana ma'anar yaƙi. Mun ga manoman ƙauyukan Kebbe, masu iyaka da Zamfara, sun bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, sun koma zaman alfarma a gidajen dangi. A shekarar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato. Duk da haka mun ƙi wannan magana, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo.

Masu wannan ra'ayi su kan kafa hujja da Ingila, wadda ba ta yi babban zaɓe ba daga 1935 har 1945. Amma sun ɓoye rabin labarin. A can, 'yan hamayya sun shiga gwamnatin haɗin gwiwa, majalisa kuma tana sabunta wa'adinta shekara-shekara, kuma da aka gama da Jamus, jama'a suka kayar da Churchill a watan Yuli 1945. Amurka kuwa ta yi zaɓe a 1864 ana tsakiyar yaƙin basasa, ta sake yi a 1944 ana yaƙin duniya.

To, mu fa? An gama yaƙin basasarmu a 1970, Janar Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, sai ga shi ranar 1 ga Oktoba 1974 ya ce hakan ba zai yiwu ba. Sai a 1979 muka ga zaɓen da ya ɗora Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu, bayan shekara 13 ta mulkin soja. Sojojin Mali da Burkina Faso su ma da sunan tsaro suka karɓi mulki, da sunansa kuma suka ɗage zaɓe. Wanda ya ke bisa kujera, in aka ce ba zai sauka ba sai yaƙi ya ƙare, wace gaggawa zai yi ya ƙare shi?

Tsarin Mulkin 1999 ya san da wannan haɗari. Sashe na 135 ya yarda Majalisar Tarayya ta ƙara wa shugaba wa'adi in ƙasa na cikin yaƙi, amma kada ƙarin ya wuce wata shida a lokaci guda. A 2015 ma, da aka ɗage zaɓe saboda Boko Haram, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, mako shida kawai aka ɗauka. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta kai akwatuna ga 'yan gudun hijira a Barno da Yobe da Adamawa, jama'a kuma suka canja gwamnati.

Sai dai akwai gaskiya guda a bakin abokan gardamarmu, kuma ba za mu tsallake ta ba. Zaɓen da aka yi a ƙauyen da ya zama kufai ba zaɓe ba ne, dama ce ga mai cika akwati. Mun ga yadda zaɓen 'yan majalisa na 25 ga Fabrairu 2023 ya kasa kammaluwa a jiharmu, har sai da aka koma rumfuna ranar 15 ga Afrilu. Amma maganin wannan ciwo shi ne akwati ya bi mai ƙuri'a duk inda tsoro ya kai shi. Mutumin da aka ƙwace wa shanu da gona, in aka hana shi ƙuri'a, an ƙwace masa makami na ƙarshe da zai hukunta waɗanda suka kasa kare shi.

Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta ba ƙasar nan Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015. Ashe kuwa ba ta cancanci a rufe mata baki ba. Saboda haka muna kira ga hukumar zaɓe ta ƙidaya waɗanda suka bar ƙauyukansu tun da wuri, ta sake ba da kati ga wanda nasa ya ƙone, ta kafa rumfuna a inda su ke fakewa, ta kuma sanar da jama'a sunan duk rumfar da ba a yi zaɓe ba. Mu kuma ɗalibai, in mun tafi hutu, mu rubuta sunayen 'yan gudun hijirar unguwanninmu, mu raka su ofishin zaɓe, mu tsaya har a ƙidaya ƙuri'a. Ɗan takarar da ya zo neman goyon baya kuwa, mu tambaye shi a bainar jama'a ranar da manoman Kebbe za su koma gonakinsu.